Shekarar da Muka Ɗora Baba a Kan Rudu

Azumin bana ya zo da wata irin rana wadda in ka sa ɗanyen ƙwai a aljihu a unguwar Jega Firchin, kafin ka isa tasha sai dai ka nemi gishiri. Na faɗi haka a wurin aiki, ɗaliban da nake koya wa jinya suka ce Malam Umaru ya fara. To, ban fara ba. Shekaranjiya da idona na ga ƙadangare ya tsaya a bakin kwalta, ya ɗaga wannan ƙafa ya ajiye waccan, yana shawara da zuciyarsa, daga ƙarshe ya fasa tsallakawa ya koma gida. Ina tsaye ina ba shi gaskiya sai wata lori ta wuce daga wajen Aliero shaƙe da albasa, ta bar mini warinta a riga. Nan take shekara talatin da 'yan kai suka zame daga kaina kamar hula. Ashe watan azumi ya zagayo, ya dawo daidai inda ya same mu a waccan shekara: tsakiyar bazara, lokacin cirar albasa, jihar Kebbi tana jaririya, ko zama ba ta fara ba.

A lokacin ina shekarar farko a makarantar koyon jinya. Farar riga ɗaya gare ni, girman kai kuwa buhu uku. Mai koyar da mu wata Sista ce doguwa mai farin takalmi, wadda in ta dube ka sai ka tuna laifin da ka yi tun kana goye. Ranar farko ta rubuta kalmomi huɗu a allo: mutum, muhalli, lafiya, jinya. Ta ce duk wani nazari na wannan aiki, komai kaurin littafinsa, a kan waɗannan duwatsu huɗu aka girka shi. Na ce a raina, murhun gidanmu uku gare shi kuma tuwo na dahuwa. Ta ƙara da cewa kowane nazari yana da kalmominsa da ma'anar da ya ba su, yana da abin da ya ɗauka gaskiya ba tare da ya gwada ba, sannan yana da igiyar da ke ɗaure wannan da wancan. Muka haddace tsaf. Da a ce ka tashe ni daga barci zan karanto maka su har da tarin da Sista take yi a tsakiya. Amma me ake yi da su, wallahi ban sani ba.

Da haka aka ba mu hutu, na sauka Aliero ana jibi azumi, na tarar da mahaifina mako uku a kwance.

Baba Nomau manomin albasa ne, irin wanda zai dubi wuyan albasa ya gaya maka ranar da aka yi mata ban-ruwa na ƙarshe. Ya bi kayansa zuwa Jega, ya ga 'yan lodi suna jera buhunansa ba yadda yake so ba, ya hau saman lori don ya nuna musu. Ya nuna musu kuwa, har da yadda ake saukowa ba tsani. Cinyar dama ta karye. A garinmu karaya ba abin kuka ba ce, gari ne na masu ɗori. Malam Arzika, abokin Baba tun suna yara, ya ja ƙafar, ya daidaita ƙashi, ya jera mata kara ya ɗaure. Wannan ɓangare ya tafi daidai.

Sai Goggo Tumba ta iso daga Maiyama da ƙullin kayanta. Yayar Baba ce, ita ta goya shi, kuma a ganinta har yanzu bai sauka ba. Inna ta koma madafa, jinya ta koma hannun Goggo. Dokarta ɗaya ce: iska ba ta taɓa ɗori. In ta taɓa, sanyi ya shiga ƙashi, mutum ya riƙa jin hadari a cinyarsa tun yana Zamfara. Saboda haka ta sa aka kai Baba ƙuryar ɗaki, aka shimfiɗa masa tabarma a ƙasa, ta toshe taga da tsumma, ta rataya buhu biyu a ƙofa. A bazara fa. Na rantse in ka shiga ɗakin da ƙullun masa a hannu, ka fito da waina.

Azumi ya kama. Kwanakin sun riƙa tafiya iri ɗaya, kamar ana jan carbi. Bayan asuba ni da yayana Sani mu nufi fadama tun ƙasa na da sauran sanyi. Lawashi ya kwanta, alamar albasa ta nuna. Mu yi ta cira muna tarawa, ƙasa na karkaɗowa daga saiwa, idanu na hawaye ba wanda ya mutu. Kafin hantsi ya yi ƙarfi an yanke lawashi, mata sun kwashe za su daka su yi gabu, jakuna sun fara jigila zuwa gida. Ruwa ya yi nisa a shekarar. Rijiyar unguwarmu ta ja baya har sai an ƙulla igiya biyu, guga ya tafi ya daɗe kamar an aike shi Makka, ya dawo da rabin ruwa rabin laka. Yanzu yaran gidana in ƙanƙara ta ƙare a shagon maƙwabci sai su ce ana wahala. A lokacin randa ɗaya ce, Inna ta naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu tun azahar, kuma duk wanda ya wuce sai ya dube ta kamar amarya.

Daga azahar zuwa la'asar gari ya mutu. Kaji su buɗe baki su saki fiffike. Hanyar Jega ta riƙa rawa, kawalwalniya ta shimfiɗa tafki a kanta, lori ta shigo cikinsa tana iyo ba ƙafafu. A irin wannan lokaci ni wurina ɗaya ne, ƙarƙashin rudu. Ga wanda bai sani ba, rudu gado ne da ake yi wa albasa. A kafa itatuwa masu gwafa, a shimfiɗa kara a sama nesa da ƙasa, a jera albasa, a yi mata rufin ciyawa, a bar gefe a buɗe. Namu guda huɗu ne a bayan gida, kusa da wata tsamiya. In na kutsa ƙarƙashi na kwanta rigingine, sai iska ta ratso a hankali, busassun ɓawo su riƙa raɗa a samana, haske ya zubo ta tsakanin kara ɗigo-ɗigo ya sauka mini a ƙirji. In lumshe ido in ga gulbin Jega ya taso da kansa, ya biyo hanya, ya yi sallama a ƙofar gida, Inna ta ce ya shigo. Wani lokaci in ga Sista tana tuƙa kwalekwale da alli. Ba na farkawa sai ƙamshin kunun tsamiya ya zo ya ja ni da hanci.

Duk wannan jin daɗi, ban taɓa tambayar kaina wane ne ya fi samun iska a gidanmu ba.

Rana ta biyar na shiga gaida Baba. A Aliero lokacin cira komai warin albasa yake, riga, kuɗi, gemun liman, har jariran da aka haifa. Amma a ɗakin nan na ji wani wari daban a ƙarƙashinsa, wanda na taɓa ji sau ɗaya a asibiti. Da idona ya saba da duhu na dube shi sosai. Mutumin da ke ɗaga buhu shi kaɗai ya koma kamar sillen kara. Leɓensa ya tsage. Azumi yake yi, a kwance, cikin wannan tanda.

Na ce, "Baba, ina son in duba bayanka."

"Likita bokan Turai," ya ce, murya can ƙasa. "Wata shida ga boko, har ka kai duba bayan ubanka?"

Na kira Yaya Sani, muka lallaɓa, muka ɗan karkata shi. A ƙasan ƙugunsa, inda ƙashi ke danne tabarma, fata ta ɓare. Gyambo ne faɗin bakin ludayi, gefensa ya fara baƙi. Yaya Sani ya kau da kai. Ni kuwa na gane shi, don wannan kam an koya mana shi, kuma an gaya mana inda yake kai mutum in an bar shi. Ƙafar na iya warkewa a binne ta tare da mai ita.

Da yamma Malam Arzika ya zo duba ɗori. Ya latsa cinyar, ya gyaɗa kai. Na nuna masa bayan. Ya daɗe yana kallo.

"Ƙashi nawa na, kuma ya kama," ya ce. "Wanga kau ba nawa ba na. Ni ƙahwa anka ba ni." Ya juya ga Baba. "Nomau, mi kaka yi haka? Allah da kansa ya yi ma marar lahiya rangwame. Sha ruwa, in ka tashi ka rama."

Baba ya dubi rufin ɗaki. "Arzika, ramuwa ta mai sa ran tashi ta. In wanga na na ƙarshe, bari in cika shi."

Ni a ranar na fara gane kalmar farko ta allon Sista. Kowa a gidan ƙafa yake jinya. Mutumin da ke haɗe da ƙafar kuwa ya riga ya ɗaure kayansa.

Na je wurin Goggo da dukkan ilimina. Na tsaya, na gyara murya, na ce mata jinya na da ginshiƙai huɗu, na jero mata su, na ce muhallin da aka sa Baba shi ke cin lafiyarsa.

"Muhalli ɗan wa na?" ta ce. "Na san Mahalli na Fagada, ya rasu. Kai, Umaru, ni na wanke ubanka ranar da anka haihe shi. Na yi jinyar karaya bakwai kana cikin gwiwar uwarka. Tahi ka ba ni wuri."

Na koma ƙarƙashin rudu ina huci. A can ne abin ya ba ni dariya, don na lura Goggo ma nazari gare ta cikakke, ba abin da ya rasa. Tana da kalmarta, sanyi. Tana da ma'anarsa, abin da ke shiga ƙashi ya ƙi fita. Tana da igiyarta, iska ke kawo shi. Tana kuma da abin da ta ɗauka gaskiya ba ta taɓa gwadawa ba, wai duk jikin mutum ɗori ne. Da Sista ta ji ta, da ta ba ta maki. Ni kuwa kalmomi kawai gare ni, ba igiya.

Washegari da hantsi aka sa ni taya Goggo tsintar albasa a rudu na biyu. Zuciyata ba ta wurin, sai na riƙa zuba su tuli guda, wasu na gangarowa ƙasa. Ta daka mini tsawa.

"Kai, wane irin ɗan manomi na kai? Albasa ba ta son ƙasa! In ta kwana ƙasa gindinta ya jiƙe. Ba ta son cunkoso. Sai iska ta bi ta ƙarƙashinta ta hita ta sama. Kuma ba a barin ta gehe guda, juya ta akai, in ba haka ba inda ta danne nan ruɓa ka hwarawa. Ga shi, duba!" Ta ɗago wata, ta nuna mini gindinta, ya yi laushi ya yi baƙi, faɗin bakin ludayi.

Ban shirya maganar ba, ita ta fito da kanta. Na ce, "Goggo, ashe albasa ta fi ƙanenki gata a gidan nan."

Ruɓaɓɓiyar albasar nan ta same ni a tsakiyar goshi. Har yau in za a yi ruwa wurin na ƙaiƙayi. Na tsaya ruwanta na bin hancina, ina jiran ta biyu. Ba ta zo ba. Goggo ta zauna a kan turmi, ta dubi rudu, ta dubi ɗakin da ta toshe, ta sake duban rudu. Ta daɗe. Sannan ta goge hannu a zane.

"Ƙahwar dai ba ta ganin iska," ta ce. "Ko da bindiga."

"Ƙafar taki ce, Goggo. Ki ba mu sauran."

Kafin la'asar mun kafa rudu na biyar a gindin tsamiya, ya fi sauran faɗi da ƙarfi. Yaya Sani ya sare gwafa, maƙwabta biyu suka zo da kara, da azumi a bakinsu suna ɗauri suna dariya. Muka shimfiɗa sabuwar tabarma, Inna ta ɗinka matasai uku na audugar rimi. Mu shida muka ɗauko Baba a kan ƙyauren ƙofa, Malam Arzika na riƙe da cinyar yana zagin duk wanda ya yi gaggawa. Da muka fito da shi haske ya rufe ido da hannu. Iska ta taɓa gemunsa. Na ga hancinsa ya buɗe, yana shaƙar albasarsa da bai gani ba tun tana fadama. Goggo ta bi ƙafar dama ta naɗe ta da gwado, ta ƙara da bargo, ta ɗaure da ɗankwali. Mutum a shan iska, ƙafarsa a cikin hunturu.

Daga nan aiki ya samu tsari. Littafi ya ce a juya majinyaci duk awa biyu, mu kuwa agogon gidan ya tsaya tun muna jihar Sakkwato. Goggo ta ja layuka a ƙasa da tsinke, duk sanda inuwar gwafa ta taɓa layi sai ta ƙwala kira. Mu uku muke juyi: Yaya Sani kafaɗa, ni ƙugu, ita ƙafa. Safe da yamma in tafasa ruwa da ɗan gishiri, in bar shi ya huce, in wanke gyambon, in rufe da farin ƙyalle da aka wanke aka shanya a rana. Ranar farko Baba ya ce, "Rufe idonka." Na ce, "Baba, in na rufe ido kunnenka zan wanke." Ya yi wani sauti wanda da a ce yana da ƙarfi dariya ce. Yau a ɗakin da nake aiki akwai katifa mai hura kanta da kanta, akwai fanka mai aiki da hasken rana. Ina son su ƙwarai. Sai dai ban taɓa jin katifa ta ce wa majinyaci, "Ɗaga, ɗan nema, kai ba jariri ba," kamar yadda Goggo ke cewa.

Labari ya zaga gari cewa an sa Nomau a rudu. Manoma suka riƙa biyowa in sun taso daga fadama. Wani mahauci abokinsa daga Jega ya zo da ƙashin romo, ya zagaya gadon, ya latsa masa dantse, ya ce, "Tumba, wagga ba ta kai kasuwa ba, a ƙara mata sati biyu." Wani ya zo da albasa uku a hula yana tambaya ko ya cire ko ya jira. Baba ya karɓa, ya murza wuyan ɗaya, ya ce, "Jira. Kai kullum gaggawa, haka ka yi wurin aure." Da na ga haka sai na fara ajiye masa kwando a gefen da aka juya shi. Yana kwance yana tsinta, mai kyau dama, mai ciwo hagu, yana yi wa kowace faɗa. Da magariba Inna ta kawo masa nonon da wata Bafillatana daga wajen Alelu ke kawowa, da romo, da ƙwai. Ya fara cinyewa. Amma azumi bai aje ba, kuma gyambon ya tsaya, bai ƙaru ba, bai ragu ba. Jiki busasshe ba ya ɗinke kansa. Kullum in auna shi da yatsa, kullum yatsa uku.

Ranar sha bakwai ga wata aka yi zafin da har tsamiya ta nemi inuwa. Mun gama juyin azahar, kowa ya zube inda yake. Ganye ba ya motsi. Can nesa jaki ya fara kuka ya ga ba riba ya bari. Ina tsakanin barci da ido biyu, gulbin nan nawa ya taso har ya kai ƙofar gida, sai na ji murya.

"Tumba."

"Na'am."

"Albasar rudu na ɗaya, in ta kai damina za ta yi daraja. Ba ni son Sani ya sai da ta, shi kowa ya yi mai murmushi sai ya rage. Ni za ni kai ta Jega da kaina." Ya lashi leɓe. "Ɗebo min ruwa."

Goggo ta tashi kamar mai tsoron kada ƙasa ta ji, ta kwance buhun randa, ta cika moɗa. Na tallafo kansa. Ya yi bismilla ya sha. Mu huɗu masu azumi muna kallon maƙogwaronsa yana hawa yana sauka, kuma na rantse kowace maƙurwa sai da na ji sanyinta a cikina. Inna na bakin madafa ta sa gefen mayafi a ido, wai hayaƙi, alhali ba a hura wuta ba. Ya miƙa moɗar ya ce a ƙaro.

Daga ranar gyambon ya fara ja da baya. Baƙin ya tafi, jan nama ya taso. Yatsa uku ya koma biyu. Ranar Salla da muka dawo daga idi ya koma ɗaya, Baba na zaune a jingine da sabuwar hula yana karɓar gaisuwa kamar hakimi. Hutuna ya ƙare na koma makaranta. Na bar Goggo tana gaya wa matan unguwa yadda dabarar rudu ta zo mata a mafarki, da yadda ta sha fama kafin ɗan bokon nan ya yarda.

Na sake zuwa gida wani ƙarshen mako, bazara ta kai maƙura. Gyambon ya rufe, sai tabo. Malam Arzika ya kwance kara tun kwana goma, ya ce ƙashi ya yi, a taka. Baba ya ƙi. Kullum sai ya ce gobe. Ya zauna a bakin gado, ya sauko da ƙafar, ta kusa taɓa ƙasa, ya janye ta kamar ƙasar wuta ce.

Ranar Asabar bayan la'asar gabas ta haɗe. Iska ta fara da sanyi-sanyi, ɗauke da ƙamshin ƙasar wani gari da aka riga aka yi wa ruwa. Wani ya yi ihu, "Hadari!" Ruwan farko in ya sami albasa a buɗe, aikin shekara ya tafi. Gidan ya watse. Ni da Yaya Sani muka haye da zana da igiya, Inna da Goggo na miƙo ciyawa, iska na fizgewa, muna dannewa da duwatsu. Ɗigon farko ya faɗo mini a wuya, ƙato, mai ɗumi. Kafin mu ɗaure rudu na huɗu sama ta ɓalle. Sai da muka gama, muna tsaye sharkaf muna haki, Goggo ta dafe ƙirji.

"Nomau!"

Muka zagaya gindin tsamiya a guje. Gado ba kowa. Matasai sun jiƙe, bargo a ƙasa. Goggo ta ɗora hannu a ka.

Can tsakar gida muka hango shi. Yana tsaye. Ya dogara da taɓaryar Inna da hannu biyu, gwado na ja a bayansa cikin laka, fuskarsa a sama, bakinsa a buɗe, ruwa na bin gemunsa yana zuba a ƙirji. Taki goma sha ɗaya ne daga gadon zuwa wurin, na auna daga baya. Ba wanda ya motsa a cikinmu. Mun daɗe a haka, ruwa na dukan mu duka, har ya sauke kai ya gan mu.

"Likita," ya ce, "mi kaka kallo? Zo ka kama ni. Tashi na tuna, zama na na mance yadda akai."